An kama ƙanena ranar Juma'a: shin dole ya kwana a tsare har Litinin?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman masu ilimin shari'a su fahimtar da ni. Ƙanena yana sayar da kayan waya a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Ghana, kuma akwai wanda ya ba shi kaya bashi, lokacin biya ya yi bai samu ya cika ba. Mutumin ya kai ƙara wurin 'yan sanda, aka kama shi jiya Juma'a bayan la'asar. Da muka je, sai jami'in da ke kan kanta ya ce kotu ba ta zama sai Litinin, kuma idan muna son beli sai mun "ga" mai bincike. Shin doka ta yarda da haka, kuma shin bashi laifi ne da ake tsare mutum a kansa?

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah Ya fitar da shi lafiya. Sashe na 14 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya wajabta a gabatar da duk wanda aka kama bisa zargin laifi a gaban kotu cikin awa 48, in ba haka ba a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. An daɗe ana fakewa da cewa Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, shi ya sa kamun ranar Juma'a ya zama makamin masu son su wulaƙanta abokin rigimarsu. Lauya Martin Kpebu ya kai wannan batu gaban Kotun Ƙoli, kuma a watan Disamba na 2019 kotun ta yanke hukunci cewa ƙarshen mako da ranakun hutu duk suna cikin awa 48 ɗin, ta kuma umarci a tanadi kotunan da za su saurari irin waɗannan batutuwa a waɗannan ranaku. Kpebu ne dai ya sa kotun, a 2016, ta soke tanadin da ya haramta bayar da beli a wasu laifuffuka.

Beli a ofishin 'yan sanda ba a biyan kuɗi a kansa. Mai tsaya wa mutum ake buƙata. Bashi kuwa rigima ce tsakanin mutum biyu wadda ake kaiwa kotun ƙararrakin jama'a. Sai dai ku bincika abin da aka rubuta a takardar ƙara, domin masu bin bashi sukan juya maganar ta koma zamba cikin aminci, wanda shi laifi ne.

Hajiya daga Asawase ta amsa:

Ɗana, abin da ka faɗa yana nan a takarda, amma talaka da ya tsaya gaban kantar 'yan sanda yana karanto sashe na 14, wa zai saurare shi? A 2015 binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya nuna alƙalai suna karɓar kuɗi, har da awaki. Shawarata ita ce a nemi dattawan unguwa ko fadar Sarkin Zango su kira mai bashin a sasanta, ya je ya janye ƙararsa.

Tsohon Malamin Makaranta ya amsa:

Hajiya, sasanci abu ne mai kyau, dokar sasanta rigingimu ta 2010 ma ta amince da sulhun gargajiya idan ɓangarorin biyu sun yarda. Amma kada mu bari ya zama dalilin barin haƙƙi. Binciken da kika ambata ya kai ga korar alƙalai 20 na ƙananan kotuna kafin ƙarshen shekarar, wato hukumar shari'a ta hukunta nata.

Mu mutanen Kumasi ya kamata mu fi kowa sanin darajar wannan sashe. A ƙarƙashin dokar tsare mutane ta 1958, gwamnati tana iya kulle mutum har shekara 5 ba tare da shari'a ba. Da ita aka tsare Baffour Osei Akoto, babban kakakin Asantehene, wato sarkin Ashanti, tare da wasu mutum 7. J. B. Danquah ya tsaya musu a matsayin lauya, amma a 1961 Kotun Ƙoli ta ce alƙawarin kare 'yancin jama'a da ke cikin tsarin mulkin 1960 ba abin da kotu za ta iya tilastawa ba ne. Danquah da kansa a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965. Tsarin mulkin yanzu ya toshe wannan ƙofa: sashe na 33 ya ba duk wanda aka tauye masa haƙƙi damar zuwa Babbar Kotu kai tsaye, sashe na 14 kuma ya tanadi diyya ga wanda aka tsare ba bisa doka ba.

Ɗalibin Shari'a ya ƙara da cewa:

Baba ya faɗi gaskiya. Yaya, ka rubuta ranar da sa'ar da aka kama shi, ka tafi da mutum biyu masu katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana da adireshin da za a iya tabbatarwa, ku nemi ganin shugaban ofishin cikin ladabi maimakon tsayawa a kanta. Idan wa'adin ya cika gobe Lahadi bayan la'asar ba a sake shi ba, ba a kuma kai shi kotu ba, lauya zai iya shigar da buƙata a Babbar Kotu, kuna kuma iya kai kuka hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ ko Hukumar Tallafin Shari'a, wadda ke ba marasa hali lauya kyauta.