Kano zuwa Zariya a keke, me zan tanada?

Ɗan Gwale: Salamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu keke za ta Zariya ranar Asabar. Ni iyakata Wudil da dawowa.

Baban Ummi: Ku fita da an idar da Asuba, kafin rana ta buɗe kun wuce Kura. Ɗauki tiyub, famfo da dabino. Ka manne bayan na gabanka, shi zai tare maka iska. In ka ga rami nuna da hannu, na baya ba ya hangowa.

Mai Faci: Tirelolin Kwanar Dangora fa ba su da mutunci. Ku tafi a layi ɗaya, kowa da hular kwano.

Ɗan Gwale: Yaya, sirdi ne ke gasa min aya a hannu.

Baban Ummi: Sayi wando mai soso, ƙanena. Sirdin kuwa kar ka canza shi ana gobe tafiya.