Yara sun maƙale wa waya, ga zafin Sakkwato: ya kuke yi a gidajenku?

Uwar yara uku, Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke zaune a cikin garin nan, don wanda bai san ranar Sakkwato ba zai ce kawai in kora su waje su yi wasa.

Yarana uku: namiji ɗan shekara 13, mace 'yar 9, sai auta mai 3. Da sun dawo daga boko, kafin ma a cire kayan makaranta, babban ya ɗauke wayata yana kallon ƙwallo a YouTube, macen tana gaban talabijin tana bin fassarar Indiya, autan kuwa ba ya buɗe baki a sa masa tuwo sai an jingina masa waya da kofi ana kunna katun. Babansu da mashin yake zuwa kasuwa, ya wuni zaune a shago, ya dawo ya kishingiɗa da tasa wayar har barci ya ɗauke shi. Kwanan nan aka auna shi a asibiti, aka ce jininsa ya fara hawa, ya riƙa tafiyar ƙasa.

To ina za mu tafi, kuma yaushe? Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa. La'asar kuma suna Islamiyya. Na gwada ƙwace wayar, gidan ya koma gidan kuka.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla:

Wa alaikumus salam Yaya. Ki fara da autan, shi ne ya fi damuna. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaron da bai kai shekara 2 ba ba a so a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Cin abinci da katun ɗin nan shi ne zan ce ki kashe tun yanzu. Zai yi bori, zai ƙi cin na rana, amma yaro mai lafiya ba ya kwana da yunwa ga abinci a gabansa. Ki zaunar da shi a tabarma ɗaya da yayyensa, kwano a tsakiya.

Manyan biyun, hukumar ta ce daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar motsa jiki na minti 60 kullum, irin wanda zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Babba kamar maigidanki minti 150 zuwa 300 a mako. Ki raba 150 ɗin, rabin awa ne sau biyar. Ba sai an haɗa shi lokaci guda ba.

Lokaci kuwa, bayan sallar asuba ne namu a garin nan, babu wani. Ni da ƙanwata muna zagaya unguwa kafin rana ta fito, da hijabanmu da takalmin kambas, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Maigidan ya sha ruwa kafin ya fita, ya fara a hankali, in kuma an ba shi magani kada ya ajiye don ya fara tafiya.

Dattijo, Ƙofar Rini:

Ɗiyata, ni abin da ka ba ni mamaki shi ne yadda anka mai da tahiya wani aiki na daban da sai an sa mishi lokaci. Mu da munka tashi, Juma'a da ƙahwa muka zuwa masallacin Shehu, mu biya Hubbare mu yi ziyara, mu komo gida. Yanzu mutum masallacin bayan gidansa ma sai ya tada mashin.

Ki ce ma maigidanki ya bar masallacin ƙofar gida ga asuba da isha'i, ya kama hannun yaron nan babba su tahi wanda ke can gaba. Ga lada ga lahiya, kuma hirar da ba su yi cikin gida za su yi ta bisa hanya. In hunturu ya shigo, wata Asabar ya kwashe su ya kai su Kwalkwalawa, hanyar jami'a, su sauka su taka cikin fadama su ga yadda ake ban ruwan albasa. Ɗiyan yanzu da yawa ba su san ko bisa icce take fitowa ba.

Kuma ku koya musu langa. Ka kama ƙafa guda ta baya, ka yi ta tsalle da guda kana tsaron ruwanku kada a kada shi. Wanda ya yi langa bayan isha'i ba ya neman waya, shimfiɗa yake nema.

Ɗan ajin ƙarshe a jami'ar Ɗanfodiyo:

Allah ya ƙara girma Baba, amma langa sai da yara da yawa da fili, a unguwarmu kuwa duk kangon da muka yi wasa an gine shi.

Anti, in wayarki Android ce, ki shiga saiti ki nemi Digital Wellbeing. Zai nuna miki awa nawa kowace manhaja ta ci a yini, kuma za ki iya sa wa YouTube iyaka, da lokacin ya cika ta rufe kanta. In yaron yana da tasa wayar, manhajar Family Link ta fi, daga wayarki za ki kulle tasa da dare. Sai dai in gaya miki gaskiya, ɗan shekara 13 zai gano lambar sirrinki cikin kwana kaɗan, ta kallon yatsanki kawai. Ƙanena haka ya yi. Abin da ya yi mana aiki shi ne ƙwallon kanta. Na haɗa shi da wata ƙungiyar yara da ke atisaye Alhamis da Juma'a, ranakun da babu Islamiyya. Tunda yaronki yana son ƙwallo, a saya masa ita da takalmi, a ce sai ya buga zai kalla.

Kuma ku duba wannan lissafin a wayar babansu ma, a gaban kowa. Yaro ba zai yarda a sa masa awa ɗaya ba alhali yana ganin ta babansa ta nuna shida.

Uwar yara uku, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar masallaci ta shige shi, don da na karanta masa abin da Baba ya rubuta dariya ya yi ya ce dattijon nan kamar ya san shi. Maganar duba wayarsa a gaban yara kuwa, ya ce in bar wannan zancen tukuna.

Saura macen. Duk abin da kuka kawo na maza ne. Babanta ba zai bari ta fita bayan magariba ba, ni ma ban so.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla:

Ita ba sai ta fita ba. Kina da tsakar gida? Ki yayyafa ruwa da yamma ƙasa ta huce, ki zana mata 'yar gala-gala da gawayi, ki yanko igiyar shanya ta tsalle. Abin da zai riƙe ta shi ne abokan yi, don haka ki yi magana da maƙwabta biyu ko uku masu 'yan mata sa'anninta, su riƙa haɗuwa a gidanki, daga isha'i zuwa ƙarfe tara, talabijin a kashe. In kin tuna waƙoƙin gaɗa ki shiga ki tafa musu, ke ma naki mintocin kenan. Ki dai kawar da turmi da murhu daga wurin kafin su fara, don mai faɗawa baya a gaɗa ba ta duba abin da ke bayanta.