Waken gwangwani: karatu ne ko ɓata lokaci?

Malamin aji uku: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka gama bita ta kwana uku, an cika mana kunne da koyarwa ta hanyar aiki, abin da suke kira firojet. Wai a bar yara su ɗauki abu guda, shuka ko kasuwa ko rijiya, su yi makonni suna bincikensa da hannunsu, malami na gefe yana taya su. Na faɗa a zauren, zan kuma maimaita a nan: wannan harkar ta makarantun kuɗi ce. Yara 94 ne a rajistata, rabi a benci rabi a ƙasa, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare. A fara mayar da ni 35 ɗin tukuna. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, me zai bincika?

Malamar aji ɗaya: Wa alaikumus salam. Malam, nawa ajin ma ya haura saba'in, kuma na yi. Zangon da ya wuce na ce kowane layi ya kawo gwangwanin tumatir biyu. Muka huda gindinsu da ƙusa, muka cika da ƙasa, muka tura wake uku uku. Guda biyu na kulle a kabad ɗin aji, sauran muka jera a taga. Kwana huɗu wake ya tsago ƙasa. Kullum da safe kafin kiran suna, ɗan kowane layi ya zo da tsinken tsintsiya ya auna, ya karya shi daidai tsawon shukar, mu liƙa a kwali. Ranar da na buɗe kabad, wata 'yar ƙarama da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta ce, "Malama, me ya sa na cikin duhu ya fi tsawo amma ba shi da lafiya?" Ya yi zaƙwal, fari fat, yana rangaji. A makon nan muka rubuta wake, ganye, rana, ruwa, ƙasa a allo, kuma har yau ba su manta su ba.

Malamin aji uku: To ina waken yake yanzu, Malama?

Malamar aji ɗaya: Akuya ta cinye ranar Asabar. Tagarmu ba ta da marfi. Litinin aka yi ta kuka kamar an yi mutuwa.

Malamin aji uku: Kin ga abin da nake faɗa.

Tsohon hedimasta: Ku yi haƙuri in sa baki, 'ya'yana. Dariya nake yi da na ji ana kawo wannan abu a matsayin sabo. Makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 akwai sashen sana'a a cikinta, ana koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. Mu ma da muna firamare akwai gonar makaranta, kowane aji da kunyarsa, akwai darasin aikin hannu, a tufka igiya, a saƙa faifai, a ɗaure tsintsiya. Da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta zo a 1976 yara suka yi ambaliya, malamai ba su isa ba, sai abin ya fara sakwarkwacewa. Ƙarshenta aikin hannu ya koma "kowa ya kawo tsintsiya", daga nan ya koma "wanda bai samu tsintsiya ba ya kawo kuɗinta". Da idona na ga an ba yaro maki a kan tsintsiyar da uwarsa ta sayo a kasuwa. Tsorona ke nan da wannan firojet ɗin naku.

Uwar yara uku: Baba, ai tsoronka ya riga ya tabbata. Nawa a makarantar kuɗi suke, waccan da Malam yake ganin can ne abin ya dace. An aiko yarona mai shekara biyar da takarda wai ya haɗa gidan kwali mai ƙofa da taga, a kai ranar Litinin. Yaron da almakashi ma ban yarda ya riƙe ba! Ni da ƙanwata muka kwana muna yanka da liƙi, shi yana barci. Maƙwabciyata kuwa kafinta ta kai wa. Aka jera a makaranta aka ɗauki hoto aka sa a Facebook. Ni na ci makin nan, ba shi ba.

Malamin kwalejin ilimi: Hajiya, abin da aka sa ki yi ba shi ne ake nufi ba, ko da yake shi ya fi yawa a gari. Wanda ya yaɗa sunan firojet ɗin nan, masanin ilimi Ba'amurke William Kilpatrick, ya rubuta maƙalarsa a 1918, ya ɗora ne a kan tunanin malaminsa John Dewey wanda ya buɗe makarantar gwaji a Shikago a 1896, inda yara ke girki da saƙa da aikin katako suna ciro lissafi da kimiyya daga ciki. Sharaɗin Kilpatrick shi ne aikin ya zama yaron ne yake son sa da zuciya ɗaya, da wata manufa tasa. Gidan kwalin Hajiya ba shi da wannan. Tambayar yarinyar Malama a kan waken kabad tana da shi, ko da akuya ta cinye.

Amma Malamin aji uku bai yi kuskure duka ba, kada a yi masa taron dangi. Makarantun Reggio Emilia na Italiya da masu bita ke son nuna hotunansu, malamai biyu ne a aji ɗaya, ga ɗakin zane da malaminsa na musamman. Sannan a 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun yi rubutu mai ƙarfi cewa ɗan koyo, wanda bai da komai a kai tukuna, ya fi amfana da a koya masa kai tsaye mataki mataki fiye da a sake shi ya gano da kansa. Karatu musamman haka yake. Ba yaron da zai shuka wake ya wayi gari ya gano cewa "w" da "a" su ne "wa". Sai an faɗa masa, an maimaita, an sake maimaitawa. Shi ya sa darussan koyon karatun Hausa na shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato suke tafiya harafi bayan harafi, gaɓa bayan gaɓa.

Alaramma: Allah ya gafarta malam, mu a tsangaya duka biyun muke yi ba mu sa musu suna ba. Yaro shi zai fiƙe alƙalaminsa na gamba, ya dama tawadarsa da gawayi da ƙaro, in ta yi ruwa ya gani a allonsa ya gyara da kansa. Amma karatu biya masa ake yi, ba a ce ya je ya binciko Fatiha.

Malamin aji uku: Alaramma ya taya ni. Kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Darasi minti talatin da biyar ne. Kafin in raba masu faɗa a kan fensir, in fitar da mai jin fitsari, in lallashi wanda ya zo bai karya ba, minti goma ta tafi. Ranar kasuwa kashi ɗaya cikin uku ba sa zuwa, 'yan mata suna talla, damina kuma maza suna gona. Aikin da ake bi kullum har mako uku, wanda ya yi fashin kwana biyar ina zai kama? Ga mai duba makarantu daga ƙaramar hukuma, shi littafin tsara darasi zai buɗe ya ga ko na kai inda manhaja ta ce. Ga iyaye, su buɗe jaka su ga ba a rubuta komai ba, su ce yau malam bai yi aiki ba.

Malamar aji ɗaya: Iyayen kam gaskiyarka. Wani uba ya zo har aji ya ce shi noma ya gudar wa ɗansa ya kawo shi boko, ga shi na mayar masa da shi gona a gwangwani. Sai da na sa yaron ya karanta masa kalmomi biyar ɗin nan daga allo kafin ya sauko. Amma Malam, ban taɓa cin lokacin darasin karatu ba. Minti goma ne kafin kiran suna, sai darasin kimiyya, wanda dama manhajarsa ta ce a koyar da abubuwa masu rai. Mai fashi kuwa, kwalin tsinkaye na nan a bango, yana dawowa 'yan layinsa ke nuna masa inda aka kwana, har su yi musu a kan wanne tsinke ne na Laraba.

Malamin aji uku: Waken da kwalin, makaranta ce ta saya?

Malamar aji ɗaya: Makarantar da alli ma sai mun yi karo-karo? Waken daga kicin ɗina na ɗebo, kwalin kuma mai shagon unguwarmu na roƙa.

Malamin aji uku: To ni ban sauka daga maganata ba, 94 ba 70 ba ce. Amma turo mini yadda kika rubuta shi a littafin tsara darasi in gani. Kuma tagata tana da marfi.