Darbejiya da tazargade sun isa maganin zazzaɓin cizon sauro?

Kawu: Salamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kankama, sauro ya yi yawa. Shawarata ita ce a tafasa ganyen darbejiya da na gwanda da na mangwaro, a lulluɓa da bargo a yi sirace, a sha kofi guda safe da yamma. Da wannan muka tashi, ba mu san layin asibiti ba. Maganin Turawan ma ai daga tazargade aka samo shi.

Auta: Wa alaikumus salam. Haka ne Kawu. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta jagoranci fitar da sinadarin maganin, wato artemisinin, daga ganye a 1972, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Kinin ma, tsohon maganin zazzaɓin, daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka yake.

Anti Nas: Kawu, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Ganyen da aka yi aikin da shi ɗan uwan tazargade ne, amma fitar da sinadari daban, jiƙo daban. Sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma yawansa yana bambanta daga shuka zuwa shuka. Sai a sha abin da bai kai ba, zazzaɓi ya lafa, ƙwayoyin cutar da suka tsira su dawo. Shi ya sa ake haɗa shi da magani na biyu a sha kwana 3 cif. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen haka nan. Mun ga yadda kulorokwin ya daina aiki, kuma a Ruwanda da Yuganda cutar ta fara bijire wa wannan sinadarin ma.

Goggo: 'Yar nan, ke albashi kike ɗauka. Wadda ba ta da kuɗin mota fa? Darbejiya na ƙofar gida. Mu da magariba sarakuwar sauro muke zubawa a garwashi, ɗaki ya turnuƙe, sauro ya watse.

Anti Nas: Turaren ban musa ba Goggo, yana korar su. Amma hayaƙi ya kwanta kafin tsakar dare, lokacin da mai yaɗa cutar ya fi cizo, don haka gidan sauro dole ne. Damuwata yara ce. Ana kawo mana yaro bayan an kwana biyu ana ba shi ɗaci, tafin hannunsa fari fat, ido ya kafe, yana jijjiga, sai ƙarin jini. Gwajin yatsa kuwa bai wuce minti 20 ba.

Kawu: To Mali fa? A Bamako hukuma ce da kanta ta haɗa maganin zazzaɓi daga tsirrai, har da raiɗore a ciki. Don me mu za mu raina namu?

Anti Nas: Ba raini ba ne Kawu. Su aunawa suka yi, suka san adadin sha. Tukunyarmu wa ya auna ta?

Kawu: Ni dai babba, siracena ba zan bari ba. Yara da masu juna biyu kuma a kai su gwaji, wannan na ji.

Goggo: Masu rabon maganin rigakafin damina na yara 'yan ƙasa da shekara 5, sun shigo unguwarku? Mu har yanzu shiru.