An yi min aikin zuciya ina ƙarama, ga aure ya taso

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Da ramin zuciya aka haife ni, an yi min aiki a Indiya ina shekara 6. Tun ina sakandare na daina zuwa asibiti don ba na jin komai. Yanzu shekarata 26, an sa ranar bikina bayan Babbar Sallah, kuma in na hau bene sai numfashina ya riƙa sama-sama. Wa zan gani?

Anti Rabi, nas: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara nemo takardun aikin nan, ko a ƙasan akwatin Hajiya suke. Likita zai so sanin ko ramin a ɗakunan zuciya na sama yake ko na ƙasa, da abin da aka yi masa. Ki je sashen zuciya na manya a asibitin koyarwa, Malam Aminu Kano in kina Kano, ko Shika in Zariya ta fi kusa, a yi miki eko (hoton zuciya) da ECG (gwajin bugun zuciya). Kada ki ɓoye musu maganar aure. Ciki yana ƙara jinin mace da kusan rabi, zuciya ce ke ɗaukar wannan kaya. Da yawa da aka yi wa aiki suna haihuwa lafiya lau, amma in akwai hawan jinin huhu, ciki haɗari ne babba. Tun kafin a same shi ake aunawa.

Bashir: Ni bawul na ƙarfe aka sa min a zuciya, ina shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) da gwajin INR (awon saurin daskarewar jini) a kai a kai. Shawarata: zazzaɓin da ya ƙi sauka kada a tsaya kemis ana cewa maleriya ce, ƙwayoyin cuta na iya kama zuciya. Ko haƙori za a cire miki, ki gaya musu tarihinki.

Baffa Idi daga Maraɗi: Ɗan ƙanena kyauta aka yi masa aikin zuciya a Cibiyar Salam ta Khartum a Sudan, amma tun yaƙin 2023 hanyar ta yi wuya.

Anti Rabi: Allah ya kawo musu sauƙi, Baffa. Hauwa'u, ki tafi da angon naki ranar ganin likita, ya ji da kunnensa.

Hauwa'u: Na gode ƙwarai. Hajiya ta zaro fayil ɗin, VSD aka rubuta a ciki, wato ramin a tsakanin ɗakunan ƙasa yake. Litinin zan yanki kati insha Allahu.