Kyautar Falcons ko gyaran gasar mata ta rukuni na biyu?

Koci: Salamu alaikum jama'a. Maganar da muka fara jiya bayan atisaye ina nan a kanta. Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar dala dubu 100 ga kowace 'yar Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Najeriya, bayan sun ɗauko kofin Afirka karo na 10 a Maroko, a watan Yulin 2025. 'Yan wasa 24, dala miliyan 2 da dubu 400 ke nan, ban da na masu horarwa. Da an zuba rabin kuɗin nan a gasar NWFL Championship, wato rukuni na biyu na gasar ƙwallon mata ta cikin gida, da ƙwallon mata ta fi amfana nesa ba kusa ba.

Maman Walida: Haba Koci, wannan kam ban yarda ba. A wasan ƙarshe an ci su biyu da nema a gaban 'yan kallon Maroko, suka farke, suka tashi 3-2. Ka manta a 2016 sai da suka ƙi fita daga otal a Abuja saboda an riƙe musu alawus bayan sun ci kofi? A 2019 ma haka aka yi a Faransa. Yau an tuna da su sai ka ce a raba? Guminsu ne.

Koci: Anti, ban ce ba su cancanta ba. Tambayata ita ce, wa zai gaje su? Da yawansu a ƙasashen waje suke wasa. Idan rijiyar gida ta ƙafe, daga ina za a ɗebo?

Tsohuwar mai tsaron baya: Ku bari in sa baki, don ni na buga wannan gasar. Shekarar da muka je, wata biyar muna atisaye safe da yamma. Aka tara mu a gari ɗaya, muka buga wasa huɗu cikin kwana goma, shi ke nan kaka ta ƙare. A ajin wata makaranta muka kwana, katifa ɗaya mutum biyu. Takalmina sau biyu ina kai wa mai gyara a bakin kasuwa ya ɗinke, don ba ni da wani. Wasa na uku mai tsaron ragarmu ta gurɗe a ƙafa, ba mu da likita, ruwan zafi da man shafawa muka yi ta fama da su har dare. Da muka dawo gida babu wasa, babu albashi, sai kowa ta kama gabanta. Cikin waɗanda muka tafi tare, uku kaɗai suka dawo fili shekara ta gaba. Ba ƙwarewa suka rasa ba. Akwai wata 'yar gaba a cikinmu da har yau ban ga mai saurinta ba, yanzu ɗinki take yi.

Ɗan Jimeta: Allah sarki Yaya. Amma a yi adalci, dalilin tara ƙungiyoyi wuri ɗaya ai kuɗin mota ne. Ku tambayi masu bin Adamawa Queens abin da ake kashewa daga Yola zuwa Yenagoa ko Fatakwal, ga kwana a hanya, ga tsadar mai. Su da ke Premiership, wato rukuni na ɗaya, gwamnatin jiha na bayansu, suna ji a jikinsu, ina ga ƙaramin kulob?

Koci: Shi ya sa nake cewa a yi gasar shiyya-shiyya, gida da waje. Kaduna, Jos, Abuja, Lafiya, duk tafiyar yini ce. Yarinya ta samu wasa 14 ko 16 a shekara, mutanen garinsu su zo su gan ta, ɗan kasuwan garin ya ga dalilin sa sunansa a rigarsu.

Maman Walida: To ai wannan aikin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa (NFF) ne da hukumar NWFL, su nemo masu ɗaukar nauyi. Kyautar shugaban ƙasa ta rana ɗaya ce, gasa kuwa kowace shekara sai ta ci kuɗi. Kuma ku duba FC Robo ta Legas, ba ta gwamnati ba ce, amma daga can Asisat Oshoala da Rasheedat Ajibade suka fito. Oshoala sau 6 tana zama gwarzuwar Afirka.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, duk kuna maganar kuɗi, kun tsallake mu iyaye. Jikata na son ƙwallo kamar me. Suturar ba ta dame ni ba, tun 2014 aka halatta wasa da ɗankwali, kuma mun ga 'yar Maroko Nouhaila Benzina da hijabinta a kofin duniya na 2023. Abin da ke hana ni barci shi ne abin da wannan baiwar Allah ta faɗa. In ba da yarinya 'yar shekara 17 ta kwana a aji, a garin da ban san kowa ba, babu mace babba mai kula da su? Ba zan iya ba. In a garinmu za ta buga ta dawo gida ta kwana, ni zan kai ta fili da kaina.

Ɗan Jimeta: Baba, wannan hujjar ta Koci ce ka ƙarfafa.

Maman Walida: Na karɓi maganar shiyya, amma kada a taɓa kuɗin Falcons. Manyan kulob na maza fa? Remo Stars na da ƙungiyar mata. Me ya hana sauran, musamman namu na Arewa masu ɗimbin magoya baya?

Tsohuwar mai tsaron baya: Nasarawa Amazons sun ci gasar ƙasa a 2017, don haka kada wani ya ce daga wannan ɓangaren ba a iyawa. Baba, ranar Asabar muna atisaye da ƙarfe 4, ni nake kula da yaran yanzu. Ka zo da ita ka ga wurin da idonka tukuna.

Baba Alhaji: In sha Allahu zan zo, 'yata. Tare da mahaifiyarta za mu taho.