Ciwon zuciya ya ɗauke Baba, yanzu ya taɓa yayana: me zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu yana da shekara 52. Ciwon ƙirji ne ya taso masa cikin dare, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Yanzu kuma yayana, mai shekara 46, an ce jijiyar da ke shayar da zuciyarsa jini ta toshe, har an sa masa 'yar ragar ƙarfe ta buɗe hanyar. Ni shekarata 39, lafiyata ƙalau, sai dai ina shan taba. Gadonmu ne da ba makawa, ko akwai abin yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Yaya lafiya. Gado na da hannu, musamman idan uba ko ɗan'uwa ya kamu kafin shekara 55. Amma wannan "ƙalau" ɗin kar ta ruɗe ka. Kitse kan yi shekaru yana taruwa a bangon jijiya ba tare da ka ji komai ba, sai ranar da ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe. Je a auna maka hawan jini, sukari da kolestarol (wani nau'in kitse da ke cikin jini), ka kuma faɗa wa likita labarin gidanku. Tabar nan kuwa, ka ajiye ta. Shekara guda da dainawa, haɗarin kan ragu da kusan rabi.

Wani ɗan'uwa: Kwantar da hankalinka malam. Ni dai a sanina ciwon masu hali ne, masu zaman ofis da ƙiba.

Wani malamin makaranta: A'a, ɗan'uwa, wannan zancen ya tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Talaka ne ma ba ya awo sai ya faɗi, in an rubuta masa magani kuma ya sha na wata guda ya bari. Dubi yankin Kareliya ta Arewa a Finland: maza na mutuwa da ƙuruciyarsu, sai a 1972 aka tashi haiƙan kan taba, kitsen dabba da hawan jini. Cikin shekaru kusan 40 mace-macen magidanta daga wannan ciwo ya ragu da sama da kashi 80 cikin ɗari. Gadonsu bai canza ba, cimarsu da dokokinsu ne suka canza.

Ma'aikaciyar jinya: Na manta, ka sa ido kan Yaya. Kar ya bar maganin hana daskarewar jini don ya ji sauƙi, ragar na iya toshewa. In kuma ɗayanku ya ji nauyi a ƙirji yana bi ta hannu ko muƙamuƙi, ga zufa, ga haki, kar a jira gari ya waye.